Kuɗin Haya

Osbert Garthwaite ya mutu ran Talata,
ana yayyafin nan na Louth da ba ya jiƙa ƙasa
sai dai ya ratsa ƙashi.
Mu tara muka raka shi, har da direban motar gawa.

Ni ce maƙwabciyarsa. Shekara talatin
ina jin fiyanonsa ta bango:
layi ɗaya, ya tsaya, ya sake,
ya yi tari, ya sake,
har na haddace layin kafin shi ya amince da shi.

Ya bar mini kyanwa, da mabuɗi,
da gwangwanin biskit cike da wasiƙun Landan.
"Mun duba da sha'awa." "Bana babu sarari."
"Kunnen jama'a ya sauya."
Can ƙasa, takardar yarjejeniya ta yi jawur:
yana ɗan ashirin da shida ya sayar musu
da kiɗan goge huɗu, da duk abin da zai haifa nan gaba,
fam goma sha biyu da sule bakwai.
Kwat ya saya da kuɗin.
Da ita aka binne shi.

Na buga waya. Kamfanin ma ya mutu,
wani ya haɗiye shi, wani ya haɗiye wancan,
kamar kifaye a kududdufi.
Wani yaro mai laushin murya, Crispin,
ya ce, "Misis Ockenden, namu ne, amma ba ma buga shi."
Na ce to ku sakar mini.
Ya ce ba a sakewa, sai dai haya:
fam ɗari uku da arba'in, dare ɗaya.
Kuma takardar goge na uku ta ɓata,
ruwa ya ci sito wata shekara.
Na ce zan kwafa da hannuna.
Ya ce doka ta hana.
Ba su ci ba, ba su ba mai ci ba,
sun zauna kan ƙwai har ya yi ɗoyi.

Wanda ya ci ladan kuturu, an ce,
dole ya yi masa aski.
Waɗannan sun ci ladan, sun ɓoye askar,
suna jiran kuɗin kallon gashin.

Na karya doka a teburin kicin.
Wata biyar, fensir, tabarau biyu ɗaya kan ɗaya,
daga tarkacen da ya bari a ƙarƙashin gado.
Inda ɓera ya cinye, bango ya cike mini:
na rufe ido, na ji tarin, na ji layin.

Likitan haƙori ya ɗauki goge na farko.
Ɗalibai biyu, da Dilys mai raba wasiƙu.
Coci ba ɗumi, kowa da safar hannu a aljihu.
Mutum talatin da ɗaya. Na ƙirga sau biyu.
Da suka iso wurin nan, wurin da yake tsayawa,
sai na riƙe numfashi ina jiran tari.
Ba su tsaya ba. Suka wuce.
Ashe akwai hanya a bayan layin,
doguwa, mai gangara, ban taɓa bin ta ba.

Takardar biya ta zo ran Litinin.
Sun rubuta sunansa ba daidai ba.
Na biya, na gyara musu da jan biro.

Yanzu mu goma sha ɗaya ne, duk Alhamis, a ɗakin karatu.
Akwai wani daga Whitby, gwaggonsa ta bar kiɗa bakwai a jakar tafiya.
Akwai mai neman kakansa a kundin da ba a buɗewa.
Gwangwanin biskit ke zagayawa,
kowa ya jefa abin da ya samu.
Kyanwa kuwa har yau tana kwana jikin bangon nan.
Ban hana ta ba.